Akwatin Gwani

Ɗana ya ce na kashe masa kibod biyu a ofishinsa, kuma ban musa ba. Ofishin kago ne a bayan Murshid Bazaar, inda 'yan kasuwarmu ke kawo kayan da suka saya a ɗaure musu a tura Kano. Shi ya ɗauko ni daga gida wai in zo Dubai in huta, ni kuwa da na ga hutun zai kashe ni, sai na karɓi aikin buga sunayen masu kaya. Ma'aikatansa lallaɓa madannan suke yi, ni dukansu nake yi. "Baba, shwaiya shwaiya, a hankali mana, ba gyaɗa kake fasawa ba," in ji shi. Abin da bai sani ba, yatsun da suka koyi aiki a kan tafireta ba sa jin lallashi. A zamaninmu in ana aiki a ofis, mai wucewa a titi ma ya san ana aiki. Zai ji ƙarar haruffa, ya ji 'yar ƙararrawar da ke kaɗawa in layi ya ƙare, ya ji an ja kan injin an mayar da shi farko. Yanzu mutum goma na aiki a ɗaki ɗaya, ba ka jin komai sai na'urar sanyaya ɗaki. Wannan shirun ne yake mayar da ni garinmu, kuma duk sanda na koma can a raina sai in iske wani mutum da na fi shekara arba'in ina kauce wa tunaninsa.

Garinmu ƙarami ne, jirgin ƙasa ne ya haife shi, auduga ta raine shi. Ba mu da agogo a gida kuma ba mu taɓa makara ba, don usur ɗin jirgin safe ne ke fitar da mu ɗiban ruwa a famfon tasha, jiniyar kamfanin gurzar auduga kuma ita ke gaya wa mahaifiyata lokacin ɗora tukunya. In kaka ta yi, amalanken shanu kan yi layi tun daga bakin kasuwa har ƙofar kamfani, ƙafafunsu na kuka don rashin mai, farin gashin auduga na manne wa kowa a kai har yaro ma ya yi furfura. Mahaifina mai awo ne a kamfanin. Mutum ne mara yawan magana, kuma in ya ba ka saƙo ba ya tambayarka ko ka kai, don a wurinsa wannan tambayar zagi ce. Ni ne ke kai masa abinci da rana a kwanon sha da murfi, in tsaya a bakin taga ina leƙen ofishin akawu. Ba akawun nake kallo ba, ƙarar da ke fitowa daga ɗakinsa ce take ja na.

Akawun baƙo ne, siriri, mai furfura a gefen kai, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu da ɗan gicciye a wuya. Da ya zo, mutane suka ce Ba'indiye ne, aka kuma yanke masa hukunci nan take cewa saniya yake bauta wa, har ranar da aka gan shi a wurin mahauta yana zaɓen tsoka. Abin da ya tsana shi ne a ce masa Ba'indiye. Sai ya ɗaga yatsa, ya buga ƙirji, ya ce, "A'a. Ni Gowan." Mu kuwa abin da kunnenmu ya ji shi ne "ni gwani". To, a wurinmu gwani shi ne wanda ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, ko wanda ya ƙure sana'arsa, kuma ko shi ba ya faɗa da bakinsa, sai dai a faɗa masa. Ga mutum da gicciye a wuya, Hausarsa tana ɗingishi, yana dukan ƙirji wai shi gwani ne. Gari ya samu abin dariya. Daga ranar sunansa ya zama Gwani, leburori su gaishe shi da shi suna ƙifta wa juna ido, shi kuma ya cire hula ya amsa da fara'a. Sai daga baya na gane sunan ƙasarsu yake faɗa, Gowa, wani yanki a bakin tekun Indiya da Turawan Fotugal suka daɗe suna mulka. Na gane, amma ban gyara wa kowa ba, don dariyar ta fi daɗi a yadda take.

Da na gama makaranta ina zaman kashe wando, mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurinsa, ya ce a koya min abin da zan ci abinci da shi. Gwani bai nemi komai ba. Bayan an tashi aiki, tsakanin la'asar da magariba, sai ya zaunar da ni a gaban injinsa, ya ɗora yatsuna a inda ya kamata, sannan ya shimfiɗa hankicinsa ya rufe hannuwana. Ya ce ido maƙaryaci ne a wannan aikin, yatsa ne zai haddace. In na leƙa ƙarƙashin hankicin sai ya ƙwanƙwasa tebur da fensir. Injin tsoho ne, da shi ya taho daga inda ya fito, kuma harafin e ɗinsa yana ɗan tsalle sama da layi, ta yadda ko a ina ka ga takardar da ta fito daga cikinsa za ka shaida ta. Abin da yake karanto min in buga kuwa ba darasin littafi ba ne. Sunaye ne, kullum sunaye. Sunan mutum, sana'arsa, ƙauyen da ya fito a Gowa, da garin da aka binne shi. Teloli, masu gasa burodi, akawuna, makaɗan otal, masu girki a jiragen ruwa. In na yi kuskuren harafi ɗaya sai a sake shafin daga sama, har na riƙa jin sunayen nan a kaina ina alwala.

Wata rana na gaji na tambaye shi su waye waɗannan mutanen da suka hana ni sakat. Zan miƙe Hausarsa a nan, don kwaikwayonta da na yi a baya ya isa. Ya ce shi ma yana saurayi kamata ya bar gida, ya yi akawu a ofisoshin Turawan Ingila a Zanzibar da Mombasa. Da Turawa suka naɗe tabarmarsu, sababbin masu mulki suka ce ba su da buƙatar akawun Bature. Mutanensu suka watse, wasu Landan, wasu Kanada, matarsa da 'yarsa suka koma Gowa, shi kuma aikin kamfanin auduga ya jefo shi garinmu. Sai ya ciro wata tsohuwar wasiƙa daga aljihun tebur ya nuna min ƙasanta.

"Ka ga sa hannun nan babba? Na Bature ne. Yanzu dubi kusurwa. Ka ga ƙananan haruffa biyu?"

Na ce na gani.

"Ni ke nan. Shekara talatin, haruffa biyu. Bature zai rubuta tarihin Bature. Baƙar fata zai rubuta yadda ya kori Bature, kuma yana da gaskiya. Mu da muka zauna a tsakiya, wa zai rubuta mu? Shi ya sa nake rubuta wa mutanenmu wasiƙa ko'ina suke, su aiko min da sunayen waɗanda suka binne."

Na gyaɗa kai kamar na fahimta. Da yamma kuwa, a dandali, ni ne gwanin kwaikwayonsa. Abokaina sun fara ce min ɗan Gwani, ni kuma don in wanke kaina sai na zama wanda ya fi kowa iya buga ƙirji da karya harshe, har mutane su riƙe ciki. Mutumin nan yana dafa min shayi da hannunsa, ya ware min kofi na daban don ya lura ina ƙyanƙyamin nasa, bai kuma taɓa nuna ya lura ba. Sau ɗaya ya tambaye ni ma'anar sunan da ake kiransa da shi. Na ce wanda ya iya aikinsa fiye da kowa. Ya cire tabarau ya goge, ya ce mutanen garin nan suna da kirki. Ban yi masa ƙarya ba, ban kuma gaya masa gaskiya ba, na ci gaba da buga sunayena.

Ciwo ya kama shi a damina ta biyu da fara koya min. Ranar da za a tafi da shi asibitin mishan ya aika a kira ni. Ya nuna min wani akwatin ƙarfe baƙi mai kwaɗo biyu, cike da takardun nan, an ɗaure su kashi-kashi da zare. A cikin murfin ya rubuta adireshin gidansu na Gowa da farin fenti, manyan haruffa, don kada ruwa ya wanke. Ya ce in ya dawo shi ke nan, in bai dawo ba in aika wa 'yarsa. Bai dawo ba. Aka binne shi a maƙabartar Kirista da ke bayan layin dogo, mutanen da suka raka shi ba su cika hannu biyu ba, ni kuma na tsaya nesa a gindin wata ɗorawa don kada a ce an gan ni. Mahaifina da ya ga akwatin a zaure magana ɗaya ya yi. Ya ce, "Amana ce. Ka kai gidan waya kafin ka yi komai, duk abin da aka nema ni zan yi." Gidan wayar da ke karɓar kayan ƙasar waje yana babban gari, tafiyar rabin yini a jirgi. Na ce to. Shi kuma, kamar yadda ya saba, bai sake tambayata ba har ya koma ga Allah.

A cikin makon ne aka kira ni aiki a Kano, aikin tafireta, da takardar shaidar da Gwani ya rubuta min. Ba ni da akwatin da zan zuba kayana, ga kuma wannan mai kyau, mai kwaɗo biyu. Na ce wa kaina ai takardun ya ce a aika, ba ƙarfen ba. Na juye su a kwali, na ɗauka zuwa tasha, na ajiye wa mai tsiren bakin tasha, na ce, "Ajiye min, zan dawo in ɗauka." Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya ce to. Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa ajiya na ba shi. Amma a garin nan akwai gidan kawuna, akwai shagon tela, akwai limamin da ke ajiye wa matafiya kaya, duk na wuce su na zaɓi mutum ɗaya da sana'arsa ba ta tafiya sai da takarda. Na san abin da nake yi. Da na dawo hutun sallah da sabon takalmi, na sayi tsire a wurinsa, ya naɗe min, na buɗe a kan benci, sai ga harafin e yana tsalle a ƙarƙashin ƙuli da mai. Na karanta sunan wani tela da aka binne a Mombasa. Na cinye tsirena, na goge hannu da takardar, na jefar. Murfin akwatin kuwa na liƙe cikinsa da kalanda mai hoton masallaci, don na gaji da ganin farin fentin duk sanda zan ɗauki riga.

Da yatsun nan na yi aure, na gina gida, na kai 'ya'yana makarantar da ta kawo su nan. In an tambaye ni wa ya koya min, sai in ce wani Ba'indiye.

Shekara guda kafin annobar da ta rufe gari, 'yata da ke aikin ba da magani a wani asibiti a nan Dubai ta shigo da labari. Ta ce akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Gowa da suke aiki tare, ita da wasu 'yan ƙasarsu suna tattara tarihin kakanninsu da suka bazu a zamanin Turawa, za su yi littafi. Matar ta ji 'yata 'yar arewacin Najeriya ce, sai ta ce kakanta can ya rasu, a wani garin auduga, kuma mutanen wurin suna kiransa da wani suna. Ta faɗi sunan.

"Baba, ba shi ne malaminka ba? Wallahi har kuka ta yi da na gaya mata garinmu ne."

Na ce ƙafata na ciwo, ba na jin zan iya fita.

"Khalas, magana ta ƙare, Baba, na riga na ce mata za ka zo. Ran Juma'a bayan la'asar, ni zan kai ka."

Muka haɗu a wani ɗan shagon shayi a Al Buteen, inda ake hango kwale-kwalen fito suna kai da kawowa. Mace ce da ta kusa hamsin, da tabarau, kuma yadda ta cire shi ta goge kafin ta fara magana ya sa na kusa tashi in gudu. Da Turanci muka yi magana, tana ce min Ankul. Ta ce aikin nasu ya fi sauƙi a kan waɗanda suka tafi Landan da Kanada, don su suna da hotunan biki da na ƙungiyar ƙwallo, 'ya'yansu kuma sun iya ba da labari, shi ya sa littattafai suka cika da su. Waɗanda suka tafi su kaɗai irin kakanta sun faɗo ta tsakiya. Wasu marubutan sun ce mutanensu 'yan koren Turawa ne kawai, wasu kuma sun wanke su tas kamar ba su taɓa raina baƙar fata ba, ita kuwa ba wannan ba wancan, so take a san cewa sun rayu. Ta nemi a duba mata tsofaffin takardun gwamnati, abin da aka samo na kakanta haruffa biyu ne a kusurwar wasiƙu. Sannan ta ciro wata takarda daga leda, ta ce wasiƙarsa ce ta ƙarshe. Tun kafin ta miƙo na hango harafin yana tsalle.

Ta karanta min. Ya ce mutanen garin suna kiransa Gwani, ya tambaya an ce masa ma'anarsa wanda ya fi kowa iya aikinsa, kuma a duk shekarun da ya yi a ofishin Bature ba a taɓa girmama shi haka ba. Ya ce yana da ɗalibi, ɗan mutumin kirki, hannunsa ya fi nasa sauri, shi zai aiko da akwatin in ta Allah ta kasance.

"Mamana tana nan da rai," ta ce. "Shekaru ta yi tana zuwa gidan waya. Har yau cewa take jirgin ruwan da ya ɗauko shi ne ya nutse. Ankul, ka san wane jirgi ne?"

Ta ma ba ni ƙofar fita da hannunta. Da na ce e, jirgi ne, da an rubuta haka a littafi, da 'yata ta koma gida tana alfahari da ni. Na dubi shayina ya huce. Kunyar da ta kama ni ban taɓa jin irinta ba, kuma ba kunyar matar ce ta fi ba, kunyar 'yata ce da ke zaune tana murmushi. Na ce babu jirgi. Na faɗi akwatin, na faɗi kwalin, na faɗi mai tsire, na faɗi bencin da na zauna na goge hannuna. Na ce sunan ma ba girmamawa ba ne, dariya ce, ni ne shugaban masu dariyar, ni ne kuma wanda ya ba shi rabin ma'anar. 'Yata ta sunkuyar da kai. Matar ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ta tambaye ni ko ina ganin ya san dariya ake yi masa. Na ce ban sani ba, mutumin da ya ware min kofi bai ce komai ba yana iya sanin abu ya yi shiru.

"Ko suna ɗaya ba ka tuna ba?" in ji matar.

Na rufe ido na nema, babu. Kaina ya zubar da su tun tuni. Sai na ga kwamfutar matar a buɗe a kan tebur. Na jawo ta, na ɗora yatsuna a inda ya koya min, na ce wa 'yata ta ba ni hankici ta rufe min hannu. Na zauna haka kamar wawa, masu shayi suna kallona. Can sai ɗan yatsana na hagu ya motsa da kansa. Kaitano, tela, aka binne a Mombasa. Na biyu ya biyo shi, na uku ya biyo, mai burodi, makaɗin goge, mai girkin jirgi, ina dukan madannan har kofuna na rawa a kan tebur. A na goma sha bakwai yatsun suka tsaya, na jira, ba su ƙara ba. Daga akwati guda, abin da ya rage ke nan. Ta bi su da yatsa tana karantawa, a na tara ta tsaya ta ce wannan ƙauyen tana da ƙawa daga can, za ta tambaya.

A ƙasan shafin, bisa sabo, na buga ƙananan haruffa biyu na sunana a kusurwa. Sai na goge su. Na ce ta rubuta sunan kakanta cikakke a sama, don aikinsa ne, nawa kuma ta rubuta shi cikakke a wurin da za ta faɗi abin da ya sami takardun, kada ta sassauta min. Ta tambaya sunan Gwani fa, ta cire shi? Na ce ta bar shi, ta faɗi yadda aka yi aka sa masa, ta kuma ƙara da cewa a duk garin babu wanda ya cancance shi kamarsa, mun faɗi gaskiya ne ba mu sani ba.

Washegari na kira ƙanwata a Kano, na ce ta jawo baƙin akwatin nan daga ƙarƙashin gado, ta jiƙa kalandar da ke cikin murfin ta ɓanɓare a hankali, ta ɗauko min hoto. Farin fentin yana nan, ko harafi ɗaya bai goge ba. Na tura wa jikarsa. Ba a daɗe ba ta amso, ta ce adireshin daidai yake, har yau gidan ne, mahaifiyarta ba ta taɓa tashi daga cikinsa ba.